Haƙƙin maza da dokokin daidaito a Najeriya: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Duk shekara in 8 ga Maris ta zo ana bikin ranar mata sai ka ji maza suna cewa to mu fa, yaushe za a yi namu, in kuma 19 ga Nuwamba ta zo wadda ita ce ranar maza ta duniya sai ka tarar su mazan ma ba su san da zamanta ba. Tambayoyin nan su ne ake ta jefowa a majalisa da wajen ɗaurin aure, wasu da fushi wasu da zolaya. Inda doka ce zan ce doka ce, inda ra'ayina ne za ku gane.

Wai da gaske an yi dokar da ta daidaita mace da namiji a komai har da gado?

Ba a yi ba. Abin da mutane ke tunawa shi ne ƙudurin daidaiton jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta Ekiti ta kawo majalisar dattawa, aka yi watsi da shi a Maris ɗin 2016, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura na cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa ya ci karo da addini da tsarin mulki. A Disambar wannan shekarar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya fito a Gusau ya ce Musulmi ba za su yarda a taɓa musu hukuncin rabon gado ba. Ta gyara ƙudurin ta sake kawo shi, a Disambar 2021 Sanata Yusuf Yusuf na Taraba da Sanata Aliyu Wamakko suka ƙi, aka jingine. To ka ga dokar da wasu ke zagi kullum kamar ita ce ta hana su barci ko sa hannu ba a taɓa yi mata ba. Gadon Musulmi yana nan a kotun shari'a yadda ka san shi. Hukuncin da kotun ƙoli ta yi a 2014 a shari'ar Ukeje, wanda ya ce ba za a hana 'ya mace gadon mahaifinta ba, a kan al'adar Ibo aka yi shi, kuma mu ai tun fil azal 'ya mace tana da kasonta, matsalarmu ita ce yayye da baffanni masu riƙe gona su ce sai an ga hali.

To in babu dokar, me ya sa maza da yawa suke jin an danne su? Ko ƙarya suke?

Ba ƙarya suke ba wallahi, kuma ina jin haushin masu yi musu dariya. Magidanci mai albashin dubu saba'in, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024, a wuyansa kuɗin haya yake, da cefane, da kuɗin makaranta, da maganin tsohuwa, da ƙanin da ya gama karatu yana zaune, kuma tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye rabin abin da ya samo. In ya kasa ba wanda zai ce masa sannu, cewa za a yi ya gaza. Ka leƙa gidan yari, kusan duk wanda za ka gani namiji ne, mata wajen kashi biyu ne cikin ɗari, kuma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen ciki jiran shari'a suke ba a yanke musu hukunci ba. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya, cikin kowane huɗu uku maza ne. Wannan duk gaskiya ne. Inda nake rabuwa da 'yan uwana maza shi ne wajen nuna mai laifi. Ka ɗauki kukan nan ɗaya bayan ɗaya ka bi sawunsa, za ka ga yana ƙarewa ne a talauci, ko caji ofis, ko kotun da ke ɗage shari'a, ko al'adar da mu da iyayenmu muka ɗora wa kanmu. Da wuya ka ga ya ƙare a ƙofar wata ƙungiyar mata.

Lefe fa? Ai wannan zalunci ne a kan maza ƙiri-ƙiri.

Nauyi ne, kuma ya wuce hankali, amma wace majalisa ce ta yi dokar akwati shida? Abin da addini ya wajabta sadaki ne, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari a mazhabar Malikiyya. Sauran, kuɗin na gani ina so, kayan sa rana, lefe, dina, kamu, duk mu muka ƙirƙira. Kuma in za a yi adalci sai a leƙa ɗaya ɓangaren, uban amarya shi ma namiji ne fa, shi ke sayar da fili ya yi gado da kujeru da kayan kicin, bayan biki ga gara, in an haihu ga wata garar. Wato namiji ne ke matse namiji, mata suna tsakiya suna duba akwati suna ƙirga atamfa. Eh na sani gwaggonni su ne masu cewa lefen bai yi ba, amma ranar da iyaye maza biyu suka zauna suka ce ba ma so, magana ta ƙare, na ga inda aka yi haka kuma auren yana nan lafiya lau. Auren gata da gwamnatin Kano ta fara da Hisbah a 2012 zamanin Kwankwaso, aka sake na ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, shi kansa shaida ne cewa tsadar ta kai sai gwamnati ta sa hannu talaka ke iya aure.

Namijin da matarsa ke dukansa ko take cutar da shi, ina zai kai kuka?

A nan kam maza suna da gaskiya ɗari bisa ɗari. Na taɓa zama a wani caji ofis ina jiran wani al'amari, sai ga wani bawan Allah ya shigo, hularsa a hannu, gefen wuyansa zuwa kafaɗa duk ya saluɓe da ruwan zafi, yana magana ƙasa-ƙasa don kada na kan benci su ji. Ɗan sandan da ke kanta ya ɗaga murya ya ce "Malam wai matarka ce ta yi maka haka?" sai dariya ta ɓarke har da masu jiran beli. Mutumin ya mayar da hularsa ya fita, ko sunansa ba a rubuta ba. Irin wannan ba ya shiga kowace ƙididdiga. Sai abu ya kai ga rai, kamar shari'ar Maryam Sanda da kotu a Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a Janairun 2020 kan mutuwar mijinta Bilyaminu Bello a 2017, sannan kowa zai tashi yana rubutu.

Amma doka tana gefensa, shi ne abin da yawanci ba su sani ba. Dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015, ba ta ce mata kaɗai ba, duk wanda ya doki abokin zamansa na aure, miji ne ko mata, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara uku. Ya je asibiti tukuna ya karɓi takardar likita, ya ɗauki hoto, sannan ya tafi wajen 'yan sanda da wani babba nasa, don in ya je shi kaɗai abin da na faɗa ne zai faru. Kuma kada mu yi kamar ba mu san cewa waɗanda aka fi duka a gidajen aure mata ba ne, nesa ba kusa ba. Har yau sashe na 55 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa yana ɗauke da damar miji ya "ladabtar" da matarsa in dai bai yi mata mummunan rauni ba. Babu sashen da ya ba mace irin wannan damar.

Ba VAPP ɗin ce ake cewa an kawo don a rusa gidajen aure ba?

Ita ce, kuma yawancin masu faɗa ba su buɗe ta ba. Kafin ita, a manyan kundayen dokokinmu na laifuka fyaɗe abu ne da namiji ke yi wa mace kawai, yaron da aka lalata sai dai a nemo wani sashe a rataya shari'ar. VAPP ta fito fili ta ce namiji ma ana yi masa fyaɗe kuma mace ma tana iya zama mai laifin. Duk wanda ya san abin da ke faruwa da ƙananan yara maza a kangwaye da wasu makarantun kwana ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Abuja kaɗai ta fara aiki, sai kowace jiha ta yi tata, yawanci sun yi, wasu jihohin Arewa sun gyara wuraren da malamai suka nuna kafin su amince, Kano kuwa ta daɗe tana jan ƙafa. Kaduna ta ƙara da gyaran kundin Penal Code ɗinta a 2020 zamanin El-Rufa'i, dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, macen da ta aikata ita ma a cire mata bututun ƙwai. Ni wannan hukuncin yana ba ni tsoro, ba don tausayin mai laifi ba, don na san yadda bincike yake a ƙasar nan, kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

To sharri fa? Mace ta ce ka yi mata abu, shikenan ka mutu a tsaye.

Yana faruwa, kuma tun lokacin gangamin ArewaMeToo na fallasa cin zarafi a shafukan sada zumunta a 2019 ake ta wannan muhawarar. Hoton mutum ya zaga Facebook da WhatsApp cikin awa biyu, in daga baya aka gano ƙarya ce ba wanda zai yaɗa wannan. Shari'ar Musulunci ta sa bulala tamanin a kan ƙazafi, Penal Code ma yana hukunta ɓata suna da kai wa hukuma rahoton ƙarya, sai dai da wuya ka ga an bi. Ra'ayina a bi, a hukunta wadda aka tabbatar ta shirya ƙarya. Amma a bambance tsakanin wadda ta yi ƙarya da wadda ta kasa kawo hujja, ba ɗaya ba ne. A unguwanninmu abin da ya fi yawa ai ba sharrin ba ne, rufa-rufa ce, a kira mai unguwa a ce a rufa asiri a bar wa Allah, yarinya ko yaro ya girma da abin a cikinsa. Kuma abin da ke kashe wanda aka yi wa sharri ba dokar fyaɗe ba ce, zaman jiran shari'a ne, shekara biyu uku fayil yana wajen ma'aikatar shari'a ana jiran shawara.

Gaskiya ne in ka saki mace za ta kwashe rabin dukiyarka?

A ina? Wannan labarin Amurka da Ingila ne, ya ƙara ƙarfi a 2023 lokacin da aka yi ta yaɗa jita-jitar ɗan ƙwallon Maroko Achraf Hakimi wai ya sa dukiyarsa da sunan mahaifiyarsa, samarin da ko keke ba su da shi suna ta murna. A Najeriya dokar aure ta 1970 ta shafi auren rajista ne kawai, ba ta ce rabi ba, alƙali ne ke duba abin da ya dace, kuma a ƙarƙashinta miji ma yana iya neman matar ta riƙa ba shi kuɗin kulawa. Auren da aka ɗaura a masallaci ko ƙofar gida babu wannan zancen sam. Abin da muke gani kullum shi ne mace ta shekara ashirin a gida, takarda rabin shafi ta fitar da ita, a kira a-kori-kura a kwashe gadon da ubanta ya saya, iddar da aka ce ta yi a ɗakinta ma a gidansu za ta yi.

Amma khul'i fa, da 'ya'ya? Kotu kullum bayan mace take bi.

Wannan tambayar tana da nauyi, bari in tsaya a kanta. Kukan maza shi ne ka kashe miliyoyi, wata huɗu ta ce ba ta yi, alƙali ya ce ta mayar da sadaki, sadakin kuwa dubu ɗari ne ko ɗari biyu, lefe da kuɗin biki sun bi ruwa. Akwai ciwo a nan ba ƙarami ba, kuma akwai gidajen da suka mayar da abin sana'a. Sai dai ka lura, da kuɗin da ka zuba a akwati da dina sadaki ka mayar da shi, da abin da zai dawo maka ya fi haka, mun dawo kan lefe ke nan. A gefe guda akwai mazan da ke ƙin saki da gangan, sun daina ciyarwa sun daina zuwa, suna jira ta gaji ta nemi khul'i don su karɓi kuɗi, har wani ya yanka farashin da ya ninka sadakin sau goma. A Malikiyya in ta tabbatar da cutarwa alƙali na iya raba auren ba ta biya ko sisi ba.

Batun 'ya'ya kuwa ba wata ƙungiya ce ta kawo shi daga Turai ba, fiƙihun da muke karantawa a zaure ne ya ba uwa riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta yi wani auren riƙon ya koma wajen kaka ta wajen uwa kafin a zo kan dangin uba. Uba yana nan a matsayin waliyyi kuma ciyarwa a kansa take. A aikace ma sau nawa ake bin hakan? Da an yaye yaro ake zuwa a ɗauke shi a kai wa kishiya ko kaka. Inda nake goyon bayan maza shi ne ganin 'ya'ya. Uban da ke biyan kuɗin makaranta da abinci amma in ya je ƙofar gida a ce yaran sun yi barci da ƙarfe biyar na yamma, ana kitsa musu cewa babanku ya yar da ku, wannan an zalunce shi, kuma ya kamata alƙalai su riƙa rubuta ranakun ziyara ƙarara a cikin hukunci su kuma hukunta wanda ya saɓa, kamar yadda ya kamata su matsa wa uban da aka yanka wa dubu goma a wata ya ɓace.

Kujerun mata na musamman a majalisa da kashi 35, ba ƙwace wa maza ba ne?

Kashi 35 ɗin, wato kason mata a muƙaman gwamnati, yana cikin manufar jinsi ta ƙasa tun 2006, babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a Afrilun 2022 gwamnati ta cika shi a naɗe-naɗe, ba a cika ba. A 1 ga Maris 2022 majalisa ta kayar da ƙudurori biyar na mata a gyaran tsarin mulki, har da na ƙarin kujeru 111, mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Bayan zaɓen 2023 mata huɗu ne cikin sanatoci 109. To wa aka ƙwace wa? Nijar da ke maƙwabtaka da mu, Musulmi sun fi mu yawa a kaso, tun 2000 suka yi dokar ware wa mata kaso, suka ɗaga ta zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe a 2019, ba a ji aure ya mutu saboda haka ba. Ni damuwata daban ce. Ƙarin kujeru ƙarin albashi ne da motoci da alawus, kuma yadda ake raba tikiti a jam'iyyunmu matar gwamna da 'yar shugaban jam'iyya ne za su hau, mai sayar da awara a Kurna ba za ta san an yi ba. Gara a tilasta wa jam'iyyu su ba da kaso cikin kujerun da ke akwai. Amma ɗan acaɓa da ke kumfar baki kan wannan, dan Allah kujerar wa yake karewa?

Kowa karatun 'ya mace yake magana, yara maza fa?

Nan masu fafutukar daidaito suke da bashin amsa. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 500 a 2020 don karatun 'yan mata abu ne mai kyau, ajin da aka gyara maza ma suna zama a ciki, kuma gaskiya ne a ƙauyukanmu yarinya ce ake fara cirewa. Amma yaron da ke yawo da roba a tasha ba takalmi namiji ne, shekararsa bakwai, shi ne gobe za a kira ɗan daba ko a ɗauke shi a daji. Sai a Mayun 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta. Duniya duk ta san Chibok da 'yan mata 276 na Afrilun 2014, kuma ya kamata ta sani, amma wata biyu kafin nan an kashe ɗalibai maza gommai a kwalejin tarayya ta Buni Yadi suna barci, mutum nawa ne ke tuna su? Sai dai mu ma mu tambayi kanmu wa ya sa yaron a mota ya tura shi birni. Ubansa ne.

Akwai abin da maza suka taɓa samu daga wannan harkar ta daidaito kuwa?

Akwai. Hutun haihuwa na kwana 14 na aiki ga ma'aikatan tarayya maza da aka amince da shi a 2021, Legas ta riga da kwana 10 tun 2014. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ce ba za a hana mace tsaya wa mutum beli don tana mace ba, wanda ke cikin sel ɗin da matarsa ko yayarsa za ta fitar kuwa yawanci namiji ne. Har ƙudurin ba mijin 'yar Najeriya ɗan wata ƙasa damar zama ɗan ƙasa, wanda aka kayar a 2022, ai maza ne za su ci moriyarsa, sashe na 26 na tsarin mulki matar ɗan Najeriya kawai ya sani. Bamaraɗen da ya auri Bakatsiniya ya zauna a Jibiya shi abin ya shafa.

A buɗe ma'aikatar harkokin maza mana tunda akwai ta mata?

A ba wa minista da jeep da sakataren dindindin, sannan me? In da ni za a tambaya, kuɗin a ɗauki lauyoyin hukumar ba da agajin shari'a da za su bi fayil ɗin masu jiran shari'a gidan yari gidan yari, a buɗe wuraren gyaran masu shaye-shaye na gwamnati da ba ɗaure mutum da mari ake yi ba, a koya wa ɗan sandan kanta yadda zai karɓi ƙorafin namiji ba tare da ya tara masa jama'a ba. A kuma goge sashen da ke cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a ɗaure shi shekara guda, don dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ba ta cire shi ba, magidancin da bashi ya kai shi ga shan fiya-fiya in Allah ya sa ya farfaɗo likita yake buƙata, ba ɗan sanda a bakin gadon asibiti ba.